Gwamnatin Tinubu a Gaban Majalisa ta Goma: Dokokin da Suka Wuce da Waɗanda Suka Maƙale

 

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Bola Ahmed Tinubu ya sha rantsuwar kama mulki. Ranar 13 ga Yuni aka ƙaddamar da Majalisar Dokoki ta Goma, sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360. Godswill Akpabio ya zama shugaban majalisar dattawa, Barau Jibrin na Kano ta Arewa mataimakinsa. Tajudeen Abbas na Zariya ya zama kakakin majalisar wakilai, Benjamin Kalu na Abiya mataimakinsa. Duka huɗun su ne waɗanda jam'iyyar APC ta tsayar, kuma fadar shugaban ƙasa ta mara musu baya a fili. Tun ranar kowa ya san gwamnati ba za ta sha wahalar shigar da buƙatunta a majalisa ba. Abin da ya rage a bincika shi ne me ta yi da wannan dama, kuma wace irin doka ce ta fito daga hannun majalisar da ba ta cika cewa a'a ba.

Da farko ya kamata a san cewa manyan matakai biyu da suka fi taɓa aljihun talaka ba su bi ta zauren majalisa ba sam. Cire tallafin man fetur a bakin shugaban ƙasa aka ji shi ranar rantsuwa, domin kasafin 2023 da gwamnatin Buhari ta bari ya tanadi kuɗin tallafi zuwa ƙarshen Yuni ne kawai, kuma dokar man fetur ta 2021 ta riga ta share hanya. Sakin darajar naira kuwa Babban Banki ne ya yi shi a watan Yuni na 2023. Saboda haka duk mai auna aikin gwamnati da yawan dokokin da ta sa wa hannu, ya sani cewa abin da ya ninka kuɗin mota daga Kano zuwa Kaduna ba ya cikin lissafinsa.

Dokokin farko da shugaban ya rattaba wa hannu a makonninsa na farko gadonsu ya yi daga majalisa ta tara. Akwai dokar wutar lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Akwai dokar kare bayanan jama'a. Akwai gyaran tsarin mulki da ya mayar da shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna 70. Sai dokar bai wa ɗalibai lamuni, wadda Femi Gbajabiamila ya daɗe yana ɗauke da ita, aka sa mata hannu ranar 12 ga Yuni.

Wannan ta lamunin ɗalibai ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan aka fara ganin illar sa hannu ba tare da an auna abin da ke ƙasa ba. Dokar ta ce sai ɗalibin da kuɗin shigar iyalinsa bai kai naira 500,000 a shekara ba. Ta ce sai ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati, ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, ko jami'in shari'a. Ɗan manomi daga Gwarzo ko Gumel, wanda dominsa aka ce an yi dokar, ina zai samo babban ma'aikaci da zai tsaya masa? Wanda ke da irin waɗannan mutane a gidansu kuwa, da wuya a ce kuɗin shigar gidan bai kai abin da aka gindaya ba. Watanni suka yi ta wucewa, ana sa ranar farawa ana ɗagawa, ba ɗalibi ɗaya da ya karɓi ko kwabo. Dole gwamnati ta koma majalisa, aka soke dokar aka yi sabuwa, shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 3 ga Afrilu, 2024. Sabuwar ta cire sharaɗin masu tsayawa da na kuɗin shigar iyali, ta kafa asusun NELFUND da ikon kansa, ta haɗa da kuɗin ɗawainiya na wata-wata bayan kuɗin makaranta, biya kuma sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. A watan Mayu aka buɗe shafin neman lamunin, kuma ɗaliban Jami'ar Maiduguri da na Bayero suna cikin waɗanda suka fi nema. Gyaran ya yi kyau, kuma gwamnati ta cancanci yabo da ta koma ta gyara. Amma kusan shekara guda ta ɗalibai ta salwanta, a daidai lokacin da jami'o'i ke ƙara kuɗin rajista.

A 2024 ne aka ga saurin majalisa ƙarara. Ƙudirin komawa tsohon taken ƙasa ya yi karatu na farko da na biyu da na uku a majalisar wakilai a yini guda, dattawa suka bi baya cikin 'yan kwanaki, aka sa hannu ranar 29 ga Mayu. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, bayan an yi watanni ana ja-in-ja da ƙungiyoyin ƙwadago, ya wuce majalisun biyu ranar 23 ga Yuli, aka sa hannu ranar 29, tare da rage wa'adin sake dubawa daga shekara biyar zuwa uku. A watan ne kuma aka amince da Hukumar Raya Arewa maso Yamma, wadda Barau Jibrin ya ɗauki nauyin ƙudirinta, da takwararta ta Kudu maso Gabas. Saurin dokar albashi yana da hujja, domin an riga an gama gardamar a teburin sulhu kuma ma'aikata suna jira. Taken ƙasa kuwa abu ne na kowa da kowa, daga ɗan firamare zuwa soja, kuma ba abin da zai lalace da an ba mutane wata uku su faɗi ra'ayinsu. Daga nan ne sunan 'yan amshin Shata ya manne wa wannan majalisa a bakin mutane da yawa.

Sai ga ƙudirorin haraji, inda labari ya sauya.

Tun watan Agusta na 2023 shugaban ƙasa ya ƙaddamar da kwamitin gyaran haraji ƙarƙashin Taiwo Oyedele. Ranar 3 ga Oktoba, 2024, aka aika wa majalisa ƙudirori huɗu: na harajin ƙasa baki ɗaya, na yadda za a gudanar da karɓarsa, na kafa sabuwar hukumar tara kuɗin shiga da za ta maye gurbin FIRS, da na hukumar haɗin gwiwa tsakanin matakan gwamnati. Manufar da aka bayyana ita ce a tattara dokokin haraji da ke warwatse wuri guda, a rage yawan harajin da ake karɓa barkatai, a sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi, a matsa wa mai babban ƙarfi. Akwai abubuwa masu kyau a ciki tun farko, waɗanda hayaniya ta rufe su. Amma abin da ya tayar da ƙura shi ne harajin VAT.

Bari a yi bayaninsa dalla-dalla, domin da yawa sun yi fushi ko sun yi murna ba tare da sun ga lissafin ba. VAT haraji ne da mai saye ke biya a kan kaya ko hidima. An kawo shi Nijeriya da dokar soja ta 1993, aka fara karɓarsa a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020. A tsohon tsari, a duk naira 100 da aka tara, gwamnatin tarayya tana ɗaukar 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Kason jihohi kuma ana raba shi uku: rabi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda aka samo harajin. Matsalar tana cikin wannan na ƙarshe. Mutum ya sayi katin waya a Funtuwa, ya biya VAT a Funtuwa, amma kamfanin wayar hedikwatarsa na Legas, a can yake miƙa kuɗin, sai a rubuta cewa Legas ce ta samar. Haka bankuna, haka kamfanonin siminti da na lemo.

Ƙudirin gwamnati ya ce a rage kason tarayya zuwa 10, a ƙara na jihohi zuwa 55. Wannan ba gwamnan da ya ƙi shi. Sai ya ce a ɗaga kason inda aka samo harajin daga 20 zuwa 60, a kuma riƙa ƙara VAT ɗin kansa, ya zama 10, sannan 12.5, har ya kai 15 a 2030. Kwamitin Oyedele ya yi bayani cewa a sabon tsari za a dubi inda aka yi amfani da kayan ne, ba inda hedikwata take ba, don haka Kano da Kaduna ma riba za su ci. Masu adawa suka ce lafazin ƙudirin bai fayyace haka ba, kuma ba a nuna alƙaluman da ke tabbatar da wa zai samu nawa ba. Suka ƙara da wata hujja mai ƙarfi: abin da Arewa ta fi samarwa, wato hatsi da dabbobi da kayan gwari, ba a karɓar VAT a kansa, saboda haka duk gumin manomi ba zai bayyana a wannan ma'auni ba.

Ranar 28 ga Oktoba gwamnonin Arewa 19, ƙarƙashin Inuwa Yahaya na Gombe, suka zauna a Kaduna tare da sarakuna, suka yi watsi da tsarin rabon. Kwana uku bayan haka Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ke jagoranta kuma dukkan gwamnoni ke ciki, ta ba da shawarar a janye ƙudirorin a ƙara tuntuɓa. Shugaban ƙasa ya ƙi, ya ce duk gyaran da za a yi a yi shi a majalisa. Dattawa suka yi karatu na biyu ranar 28 ga Nuwamba, Ali Ndume na Borno ta Kudu yana ta nuna adawa. Gwamna Babagana Zulum na Borno ya fito a Sashen Hausa na BBC ya yi kakkausar suka. Masallatai da gidajen rediyo suka ɗauka. A farkon Disamba majalisar wakilai ta ɗage muhawarar da ta shirya, domin shugabanninta sun ga ba za ta wuce ba.

Wannan tsaiko shi ne abu mafi amfani da ya faru da ƙudirorin. Ranar 16 ga Janairu, 2025, ƙungiyar gwamnonin Nijeriya ta zauna da kwamitin shugaban ƙasa, aka cimma matsaya: rabi daidai wa daida, 30 bisa inda aka samo, 20 bisa yawan jama'a, kuma kada a ƙara VAT. A ƙarshen Fabrairu kwamitocin kuɗi na majalisun biyu, na Sani Musa a dattawa da na James Faleke a wakilai, suka saurari ra'ayin jama'a. Malaman jami'a suka zo suna kare asusun TETFund, wanda ƙudirin farko ya shirya yanke masa hanyar samun kuɗi a hankali, alhali duk wanda ya shiga jami'ar gwamnati ya ga sunansa a jikin ɗakunan karatu. Malaman addini suka yi magana kan sashen da ya taɓa dukiyar gado. Majalisar wakilai ta amince a watan Maris, dattawa a watan Mayu, aka daidaita kwafin biyu, shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, da sharaɗin sabon tsarin haraji ya fara aiki 1 ga Janairu, 2026.

Abin da ya fito ya bambanta da abin da ya shiga. VAT ya tsaya a 7.5. Kashi 60 ya koma 30, kuma an rubuta a fili cewa inda aka yi amfani da kaya za a duba. TETFund da hukumomin NITDA da NASENI sun ci gaba da samun kasonsu daga harajin raya ƙasa na kashi 4 da kamfanoni ke biya. An gyara sashen gado. Naira 800,000 ta farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba haraji a kanta, mafi girman abin da mai babban albashi zai biya kuma kashi 25 ne. Kayan abinci na yau da kullum da magani da karatu ba VAT a kansu. Gwamnati ta samu dokarta, kuma ta samu wadda ta fi wadda ta kawo inganci, cikin wata tara. Idan aka tuna cewa ƙudirin man fetur ya shiga majalisa a 2008 zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa, bai zama doka ba sai 16 ga Agusta, 2021, za a ga wata tara ba jinkiri ba ne.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa Arewa a nan ba tare da rufa-rufa ba. Adawar ta yi amfani, amma da yawa daga masu yin ta ba su karanta ƙudirorin ba, kuma jihohi kaɗan ne suka fito da nasu lissafin na abin da ake saye da sayarwa a kasuwanninsu. Yanzu da doka ta ce a dubi inda aka yi amfani da kaya, jihar da ba ta da bayanan cinikin Kantin Kwari ko Dawanau ko babbar kasuwar Gusau, da me za ta yi gardama ranar rabo? Nasarar da aka samu a majalisa za ta iya zubewa a ofishin akanta.

Ko bayan sa hannu maganar ba ta mutu ba. A watan Disamba na 2025 Abdussamad Dasuki, ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, ya tashi a zaure ya ce abin da aka buga a gazet ɗin gwamnati ya saɓa da abin da majalisa ta amince da shi. Aka kafa kwamiti, shugabannin majalisa suka ba da umarnin a sake buga dokokin a kuma fitar da kwafin da aka tantance. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sashe na 58 na kundin tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, ya ba majalisa ikon tsallake shi da kashi biyu bisa uku, kamar yadda ta yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC. Babu inda ya ba wani ikon ƙara harafi ɗaya bayan an buga guduma.

Kasafin kuɗi, wanda shi ne doka mafi girma a kowace shekara, nan ne aka ja baya. Kasafin 2024 an gabatar da shi ranar 29 ga Nuwamba, 2023, a kan naira tiriliyan 27.5, ya fito a kan 28.7 cikin wata guda. A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya yi zargin cewa akwai kimanin tiriliyan 3.7 da ba a ga ayyukan da aka jingina musu ba, majalisa ta dakatar da shi wata uku. Ko zarginsa gaskiya ne ko kuskure, abin da ya dace shi ne a baje takardu kowa ya gani. Kasafin 2025 an kawo shi 18 ga Disamba, 2024, a kan tiriliyan 49.7, ya fito a kan 54.99, aka sa hannu a ƙarshen Fabrairu. Tsarin Janairu zuwa Disamba da majalisa ta tara ta dawo da shi ya karye, aka yi ta tsawaita ɓangaren ayyuka na kasafin 2024 har ƙarshen 2025, kasafi yana hawa kan kasafi, 'yan kwangila suna zanga-zangar neman kuɗinsu a Abuja. Haka nan dokar ta-ɓacin da aka sa a Ribas ranar 18 ga Maris, 2025, wadda ta dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara wata shida: sashe na 305 ya buƙaci kashi biyu bisa uku, wato wakilai 240 da sanatoci 73, amma da ƙuri'ar murya aka amince da ita, ba a ƙirga kowa ba.

Yanzu ga waɗanda suka maƙale har ƙarshen 2025, kuma su ne suka fi shafar rayuka. A watan Fabrairu na 2024 shugaban ƙasa da gwamnoni suka amince a duba batun 'yan sandan jihohi. Sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, saboda haka sai an gyara kundin tsarin mulki, wanda ke buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa da amincewar majalisun jihohi 24. Kwamitocin Barau Jibrin da Benjamin Kalu sun zagaya shiyyoyi a watan Yuli na 2025, sun sa wa kansu wa'adin Disamba, shekarar ta ƙare ba a kai ga gaci ba. A wannan tsakani jihohi ba su jira ba. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a farkon 2024, Sakkwato ta bi sahu, Kudu maso Yamma kuma tana da Amotekun tun 2020. Matasa ne ake tura su daji gaban masu manyan bindigogi, ba tare da cikakkiyar dokar ƙasa da ta fayyace makamin da za su riƙe da wanda zai hukunta su idan sun yi zalunci ba. A watan Nuwamba na 2025 aka sace 'yan mata a makarantar Maga ta Kebbi da ɗalibai a Papiri ta Neja, shugaban ƙasa ya sake kiran majalisa ta gyara doka.

Masu tsoron 'yan sandan jihohi suna da tarihi a bayansu. Dattawan da suka ga Jamhuriya ta Farko sun san abin da 'yan dokar En'e suka yi wa magoya bayan jam'iyyar adawa ta NEPU, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa sojoji suka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Amsar wannan tsoro tana cikin yadda za a rubuta dokar: wa zai naɗa kwamishina, wa zai iya cire shi, daga ina albashi zai fito, me zai faru ranar zaɓe. Wannan aikin majalisa ne, kuma shi ne irin wanda ke buƙatar gardamar da aka yi a kan haraji.

'Yancin ƙananan hukumomi 774 kuwa, gwamnati ma ba ta bi ta majalisa ba. A majalisa ta tara an aika wa jihohi ƙudirin soke asusun haɗin gwiwa, bai samu jihohi 24 ba, domin majalisun jihohi a hannun gwamnoni suke. Sai Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai ƙara Kotun Ƙoli, ranar 11 ga Yuli, 2024, ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, a daina naɗa kantomomi. Jihohi suka yi ta zaɓukan ƙananan hukumomi inda jam'iyyar gwamna ke lashe kusan komai, biyan kai tsaye kuma ya yi ta tafiyar hawainiya, domin sashe na 162 da ya kafa asusun yana nan daram. Haka ƙudirin ware wa mata kujeru, a majalisar da sanatoci mata huɗu ne cikin 109, shi ma har ƙarshen 2025 yana cikin jerin masu jira.

Jama'a, kowane ɗayanmu yana da sanata ɗaya, da ɗan majalisar wakilai ɗaya, da ɗan majalisar jiha ɗaya, kuma gyaran tsarin mulki sai ya bi ta hannun dukkansu uku. Ku neme su a ofisoshin mazaɓa da shirye-shiryen rediyo, ku tambaye su matsayinsu kan 'yan sandan jihohi da asusun haɗin gwiwa. Ƙungiyoyin ɗalibai da na 'yan kasuwa da na malamai su riƙa rubuta takarda suna kaiwa duk lokacin da aka kira zaman jin ra'ayin jama'a. Ku kuma nemi a riƙa ƙirga ƙuri'a da suna a kan duk wata babbar doka, a buga sakamakon, domin kowa ya san abin da wakilinsa ya zaɓa.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.